Shimfiɗar Fuska Ta Fi Ta Tabarma: Jiran Motar Haya a Atilanta



Tun da na komo daga tafiyar da na raka mahaifiyata ƙasar Amurka cikin watan Agusta na 2024, duk wadda muka gamu tambayarta guda ce: "Malama, me kika gani can wanda ya fi tsaya miki a rai?" Na san so ake in ce dogayen benaye, ko manyan kantuna, ko titunan da ke hawa bisa juna. To, na ga waɗannan duka. Amma in gaskiya kuke so, abin da ya fi tsaya mini a rai wata kanta ce ta masu ba da hayar motoci, wadda na yi sa'a uku tsakanin tsayuwa gabanta da zama gefenta. Labarinta zan ba ku yau, don akwai abin koyi a ciki ga mai niyyar tafiya, har ma ga wadda ko tashar mota ba ta da niyyar zuwa.

Ga yadda tafiyar ta samo asali. Yayana, ɗan farin Innarmu, yana karatun aikin gona a Jami'ar Jojiya, a wani gari da ake kira Atens. Matarsa ta sami cikin fari, ga shi ba uwa ba gwaggo kusa da za ta kula da jego. Saboda haka aka shirya Inna ta tafi, ni kuma in raka ta, da yake makaranta tana hutu, kuma Inna ba ta jin Turanci. Haihuwa ba ta jira lissafinmu ba, ta zo da wuri, har sai da likita ya yi aiki. Muka duba tikiti, muka ga ranar saukarmu ita ce jajiberen suna. Yaya ba shi da halin barin mai jego ita kaɗai, tsohuwar motarsa kuma tana wurin makaniki. Sai ya kama mana motar haya ta mako guda ta intanet, ya aiko mini da takardar shaida, ya ce, "Auta, ai kin iya tuƙi. Ki nuna musu wannan kurum, su miƙo miki makulli." Na ce to. Na koyi tuƙi tun ina kwalejin horon malamai, ina da lasin, kuma hannun da suke bi shi muke bi, gama Nijeriya ta koma hannun dama tun 1972. Na ɗauka magana ta ƙare. Ashe ko farawa ba a yi ba.

FILIN JIRGIN ATILANTA

Muka tashi daga Abuja da dare, muka canja jirgi a Faris, muka sauka Atilanta, babban birnin jihar Jojiya, wajen ƙarfe biyu na rana. Agogonsu yana bayan namu da sa'a biyar a wannan lokaci na shekara. Filin jirgin ana kiransa Hartsfield-Jackson, sunayen magadan garin biyu aka haɗa. Na biyun, Maynard Jackson, shi ne baƙar fata na farko da ya riƙe birnin, an zaɓe shi a 1973. Kai, 'yan'uwa, gani ya kori ji! Hanyoyin tashi da saukar jirage biyar ne, kuma a 2019 fasinjoji fiye da miliyan 110 suka bi ta cikinsa. Kusan kowace shekara tun 1998 shi ke zuwa na ɗaya a duniya wajen yawan matafiya.

Ma'aikatan shige da fice da na kwastan suka sallame mu cikin sa'a guda. Suka buɗe jakar Inna, suka ga kanwa da yajin jego da garin kunu, suka tambaya ko akwai nama. Na ce babu, don Yaya ya riga ya gargaɗe mu ba a shiga ƙasar da kilishi.

Masu hayar motoci ba cikin filin suke ba. An gina musu gidansu dabam can gefe, aka buɗe shi a watan Disamba na 2009, kamfanoni fiye da goma ƙarƙashin rufi guda. Bas ta kai mu ɓangaren jiragen cikin gida, daga nan muka hau wani ɗan jirgin ƙasa mai tafiya bisa gada, ba direba, ba kuɗin shiga, minti biyar ya kai mu. Inna ta leƙa gaba ta ga ba kowa, ta ce, "Auta, wa ke jan abin nan?" Na ce, "Na'ura ce, Inna." Ta ce, "To, Allah ya sa ta san hanya."

LAYI

Ƙarfe uku da rabi muka isa. Gida ya amsa sunansa gida: daɓe kamar madubi, fitilu ko'ina, sanyi kamar tsakiyar hunturu, alhali waje zafi ne mai gumi. Ba zan kama sunan kamfanin da muka je ba, don ba ƙara na kawo ba, kuma na lura layin maƙwabtansu bai fi nasu gajarta ba. Na ƙirga wuraren zaman akawu a kantar, goma. Na ƙirga akawunan da ke zaune, biyu. Na soma ƙirga mutanen da ke gabana, na kai talatin na bari. An ja igiya an nannaɗe layin kamar hanjin rago, ki yi taku uku ki tsaya minti biyar.

Ku ji abin da ya ɗaga mini hankali. Inna tana da ciwon sukari, lokacin cin abincinta ya yi, ƙafafunta kuma sun kumbura saboda dogon zama cikin jirgi. Kujerun wurin kaɗan ne, duk an cika su, sai bisa akwati na zaunad da ita. Ban da wannan, daga filin zuwa Atens kimanin mil 80 ne, bai kai Kano zuwa Zariya ba, tafiyar sa'a guda da rabi. A watan Agusta rana ba ta faɗuwa can sai bayan ƙarfe takwas. Na yi lissafi irin namu na malamai, na ga in ban tashi kafin ƙarfe shida da rabi ba, dare zai same ni bisa hanyar da ban taɓa bi ba, ga tsohuwa a mota, ga ni kusan kwana guda ban yi barcin kirki ba.

Ina tsaye sai na ga waɗansu suna wucewa ta gefenmu, ko kallon kanta ba su yi. Su duba wani allo, su ga sunansu da lambar wurin da motarsu take, su wuce abinsu. Na tambayi mutumin da ke bayana, ya ce waɗannan sun yi rajista da kamfanin tun daga gida, sun riga sun ba da lambar lasin da ta katin banki, makulli yana cikin mota yana jiransu. Akwai kuma na'urori a gefe masu yin aikin akawu. Na roƙe shi ya tsare mini wuri, na je na gwada. Na'ura ta ga lasin na wata ƙasa, ta rubuto mini, wai in ga ma'aikaci. Na komo layi.

Can sai ɗaya daga cikin akawunan nan biyu ya miƙe, ya ajiye ɗan allo a wurinsa, ya shige ciki. Ban ga laifinsa ba, shi ma ɗan Adam ne, yana bukatar hutu. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ba wanda ya fito ya ce mana sannu, ko ya ce ku yi haƙuri, minti kaza ya rage. Ga wata mai goyo jaririnta yana ta tsala kuka, ga wani dattijo ya dogara da sanda. Aka bar mu kamar buhunan da aka sauke a tasha.

A GABAN KANTA

Sai ƙarfe biyar na isa gaban akawun da ta rage, wata yarinya ce sa'ata. Na gaishe ta, ba ta ɗago kai ba. Na miƙa takardar Yaya da fasfo da lasin. Ta ƙwanƙwasa kwamfuta, ta ce, "Wannan ba sunanki ba ne." Ashe ƙa'idarsu ita ce wanda sunansa ke takarda shi zai zo da kansa, da lasin nasa, da katin banki mai sunansa. Rashin sani ya fi dare duhu. Tilas aka soke ta Yaya, aka buɗe sabuwa da sunana, a kan farashin ranar, wanda ya fi na da tsada.

Ta ce in kawo katin bashi. Bari in bayyana muku, don nan ne baƙi da yawa ke tuntuɓe. Katin banki iri biyu ne. Akwai na cirar kuɗi, irin wanda yawancinmu muka sani, wanda ke ɗebowa daga abin da kika ajiye. Akwai kuma na bashi, wanda banki ke biya miki ki biya shi daga baya. Masu hayar mota na bashi suka fi so, don in mota ta lalace suna da inda za su kama. Nawa na cirar kuɗi ne. Waɗansu kamfanoni ba su karɓarsa sam. Wannan ya karɓa, amma sai da na nuna tikitin komawa gida, kuma aka riƙe dala 300 cikin ajiyata jingina har in maido mota.

Ta dubi fasfo ta ce, "Shekarunki ashirin da huɗu." Na ce haka ne. Ashe a Amurka mafi yawan kamfanoni suna ɗora wa wanda bai kai shekara 25 ba ƙarin kuɗi kowace rana, wai yara sun fi yin haɗari. Ni da nake tsayawa gaban yara sittin a aji, yau ga ni an sa ni cikin yara!

Daga nan bakin da ya ƙi amsa gaisuwa sai ya buɗe. Kina son inshora? Kina son babbar mota? Kina son ki biya kuɗin mai tun yanzu? Kina son na'urar biyan kuɗin hanya? Magana kamar ana zuba tsakuwa a kwano, rabi na ji rabi ban ji ba. Ta juyo mini da ɗan allo ta ce in sa hannu nan, da nan, da nan. Mutanen bayana suna ta ajiyar zuciya. Kunya ta kama ni, irin wadda aka rene mu da ita, ta kada a ce mun cika tambaya ko mun tsare wa mutane hanya. Har na ɗaga hannu zan sa, sai na tuna abin da nake gaya wa 'yan ajina ranar jarrabawa: kada ku amsa tambaya sai kun karanta ta sau biyu. Na ce, "Don Allah ki ba ni minti biyu in karanta."

Ko da na karanta, sai ga abu uku da ban ce ina so ba an jera su cikin lissafi: kuɗin mai na cikakken tanki, da na taimakon gaggawa a hanya, da na'urar nan ta kuɗin hanya. Na ce a cire. Inshora kuwa na bar ta, don mutanen ƙasar da yawa inshorar motarsu ta gida tana rufe ta haya, baƙo kuwa ba shi da wannan gata. Abin da aka cire ya haura dala 100. A lokacin dala guda ta wuce naira 1,500, watau minti biyun nan sun cece mini abin da ya fi albashina na wata.

Na sa hannu, na miƙa tafi ina jiran makulli. Ta ce, "Babu mota yanzu. Ki fita waje ki jira." Na ce, "Har yaushe?" Ta ɗaga kafaɗa, ta dubi bayana ta ce, "Na gaba!"

ME KE KAWO WANNAN JIRA?

Kada ku ce mugunta ce kurum, abin yana da dalilai. Na farko, jirage sukan sauko kusa da juna, sai ɗaruruwan mutane su auka wa kanta lokaci guda. Na biyu, sau da yawa ana kama mota ba tare da an biya ko kwabo ba, kuma in mutum bai zo ba ba a cin tararsa. Saboda haka kamfani yakan karɓi alkawari fiye da motocin da ke hannunsa, da zaton waɗansu ba za su zo ba. Ranar da kowa ya zo, sai a rasa ta bayarwa. Na uku, motar da za a ba ki tana hannun wani, in ya makara kin makara, in ya kawo kuma sai an duba ta, an share, an wanke. Na huɗu, a kamfanoni da yawa akawu yana da kamasho bisa abin da ya sayar na ƙari, don haka kowane mutum sai ya ci minti goma ko fiye a gaban kanta.

Annobar korona ma ta bar tabonta. A 2020 tafiye-tafiye suka tsaya cik, kamfanonin suka sayad da motoci masu ɗimbin yawa, suka sallami ma'aikata, har ɗaya daga cikin manyansu ya kai kansa kotu a watan Mayu na shekarar ya ce bashi ya fi ƙarfinsa. Da mutane suka komo tafiya a 2021, sai ga shi masana'antu sun kasa ƙera sababbin motoci da sauri, saboda ƙarancin 'yan ƙananan na'urorin lantarki da ke sarrafa mota. Abin ya kai a tsibiran Hawai baƙi suka riƙa hayar motocin ɗaukar kaya don yawon shan iska. Wannan ƙarancin ya yi sauƙi daga baya.

Abin dariya, sana'ar nan don rage wa matafiyi wahala aka ƙago ta. A 1918 wani saurayi, Walter Jacobs, ya fara tasa a Shikago da motocin Ford goma sha biyu, John Hertz ya saye ta a 1923. A 1946 kuma Warren Avis, wanda ya yi aikin jiragen soja lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, ya buɗe tasa a filin jirgin Willow Run kusa da Ditiroyit, don mutum ya sauka daga jirgi ya tarad da mota tana jiransa. Yau ga mutum yana jiran mota.

To, duk waɗannan dalilai ne na jira. Amma ba ko ɗaya cikinsu da ya hana a amsa gaisuwa.

DATTIJUWA MAI TSUMMA

Muka fita rumfar ajiye motoci, wuraren duk wayam, mu kusan goma sha biyar muna tsaye. Ƙarfe shida saura kwata. Inna ta ga idona ya cika da ƙwalla, ta ce, "Auta, bar damuwa. Angon nawa kwanansa shida a duniya, ba inda za shi." Kun san wasan kaka da jika.

Sai ga wata dattijuwa baƙar fata, sanye da rigar aiki, da tsumma a hannu, ita ke goge gilashin motocin da aka wanko. Ta dubi Inna bisa akwati, ba ta ce kome ba, ta shiga wani ɗan ɗaki ta fito da kujerarta ta kanta. Ta ce, "Mama, zauna nan." Inna ba ta ji Turancin ba, amma ta gane kujera. Ta kawo ruwa, na ciro biskit Inna ta ci ta sha magani. Sa'an nan ta juyo ga dukanmu ta ɗaga murya ta ce, "Ku saurara. Motoci takwas suna wurin wanki. Kowace takan ɗauki kamar minti goma sha biyar, ana yin uku uku. Na farko za su fito nan da minti goma, na ƙarshe ba za su wuce minti arba'in ba."

'Yan'uwa, ba ta ƙara mota ko guda ba, ba ta rage jiran da minti guda ba. Amma nan take fuskoki suka saki. Mai goyo ta tafi ta gyara ɗanta, dattijon nan ya nemi wuri ya zauna, ni kuma na buga wa Yaya waya na gaya masa lokacin da zai sa ido. Mutum yana iya jiran sa'a guda in ya san sa'a guda ce. Minti goma da ba a san ƙarshensu ba sun fi ta tsawo.

Da motata ta fito, ƙarfe shida da rabi daidai, ta ce kada in tashi sai na zagaya ta na ɗauki hoton kowane ƙwarzane, da allurar mai, da lambar mil, don kada a ɗora mini laifin wani ranar da na maido. Ta nuna mini inda fitila take da abin share gilashi. Ta ce in bi babbar hanya mai lamba 85, sa'an nan 316, in tsaya layin dama, kada in shiga na can hagu don na biya ne. Inna ta kwance bakin zanenta za ta ba ta goro, ta tuna an bar shi gida, sai ta kama hannunta biyu tana sa mata albarka da Hausa. Ita ma ba ta ji Hausar ba, amma ta gane albarka.

Muka shiga Atens rana tana ja. Washegari aka raɗa wa yaro sunan marigayi Babanmu, Inna ta dama kunun kanwa a ƙasar Amurka.

ABIN DA NA KOYO

Ga mai niyyar tafiya, ke ko maigidanki ko ɗanki. A kama mota da sunan wanda zai tuƙa, katin banki ma nasa. A tambayi ƙa'idar kamfani game da kati da shekaru da lasin na waje tun ana gida. A yi rajista da su tun da wuri, a yawancinsu kyauta ce. A riƙe abin taɓawa da magani a jakar hannu. A ɗauki hoton mota kafin a tashi, a maido ta da mai yadda aka karɓa, a karɓi rasit. In kuwa gajiya ta yi yawa, a nemi motar fasinja ko a kwana kusa, don da na sake lissafi na ga tuƙin da na yi ba barci ganganci ne. Sama da duka, kada ki sa hannu a takardar da ba ki karanta ba, ko da mutum ɗari suna tsaki a bayanki. Kunya adon mace ce, amma ba a gaban takardar kuɗi ba. Matambayi ba ya ɓata.

Ku kuma ƙannena 'yan makaranta, da ku nake. Gobe wata cikinku ita ce mai ba da kati a asibiti, wata akawun banki, wata malamar da iyaye ke jira ƙofar ofishinta. Ranar da layi ya yi tsawo gabanki, ba lalle laifinki ne ba, kuma mai yiwuwa ba ki da ikon gajarta shi. Amma kina da ikon ɗago kai. Kina da ikon cewa sannu, da faɗin gaskiyar lokacin da ya rage, da duba ko akwai tsohuwa ko mai ciki da ke bukatar kujera. Gidan nan na Atilanta an kashe masa dukiya mai yawa, daɓensa ya fi tabarmar kowa kyau, amma da aka tambayi Inna me ta gani a Amurka, ba ta ambaci daɓe ba, ba ta ambaci jirgin da ba direba ba. Cewa ta yi, "Na ga wata baiwar Allah da ta ba ni kujerarta."

Wadda ta taɓa gamuwa da irin wannan jira, ko a asibiti ko a banki ko a tasha, ta rubuto mana yadda ta ƙare, mu ƙaru da juna. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Taku har kullum,
Malama